Ƙaramin fayil, babbar ɓarna: Abin da ya kamata ma'aikaci ya sani game da saitin shafukan gwamnati

A ranar Laraba 14 ga Mayun 2025, magatakardan hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zauna gaban manema labarai a hedikwatar hukumar da ke Bwari, a nan Babban Birnin Tarayya, ya amsa abin da shugabannin hukumomi ba su cika amsawa ba: kuskuren daga ɓangaren hukumarsa yake. Yana magana yana share hawaye. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas sun samu sakamakon da bai dace da abin da suka rubuta ba, kuma dole suka sake zama jarrabawar daga ranar 16 ga watan.

Bisa bayanin hukumar, an yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, amma ma'aikatan ɗaya daga cikin kamfanonin da ke yi mata aikin fasaha ba su sanya gyaran a kan wasu daga cikin na'urorin da ke hidimar waɗancan cibiyoyi ba. Na'urorin da ake zaton duk iri ɗaya ne, ashe wasu na bin sabon tsari wasu na bin tsohon.

Wannan lamari ya bankaɗo wani ɓangare na aikin gwamnati da ba a cika tattauna shi a tarukan daraktoci ba. Kowane shafin hukuma da jama'a ke shiga don neman aiki, ko biyan kuɗi, ko duba albashi, yana tafiya ne bisa wasu umarni da aka rubuta a wani ƙaramin fayil da ke ɓoye a bayansa. Ana kiransa fayil ɗin saiti. Sau da yawa bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba, kuma a ma'aikatu da dama mutum ɗaya ne tak ya san abin da ke cikinsa.

Doka da takardar umarni

Ma'aikacin gwamnati ya san bambancin kundin dokokin aiki da takardar umarni da ke fitowa daga Ofishin Shugaban Ma'aikata. Kundin ya tanadi cewa ana biyan alawus na tafiya. Takardar umarni ce ke faɗin nawa za a biya a bana. Sauya kundin sai an yi zama da nazari, ita kuwa takardar ana iya sabunta ta cikin kwana ɗaya, kuma da ita akawu ke aiki.

Haka manhajar shafin intanet take. Rubutun da masu ƙirƙirar manhaja suka yi shi ne kundin: ya ce idan mutum ya cike fom a adana bayanansa, a tura masa saƙon tabbaci, a rufe karɓar takardu idan wa'adi ya cika. Amma a wane rumbu za a adana? Da wane adireshi za a tura saƙon? Yaushe ne wa'adin? Waɗannan amsoshi ba a binne su a cikin rubutun manhajar, domin suna sauyawa. Ana ware su a fayil ɗin saiti, wanda ke zaune a kan babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda masana ke kira sabar, wasu marubutan Hausa kuma ke kira uwar garke.

Sunan fayil ɗin ya danganta da irin kayan da aka gina shafin da su. A shafukan da aka gina da fasahar ASP.NET ta kamfanin Microsoft, akwai web.config da appsettings.json. A WordPress, wanda shafukan hukumomi da yawa ke amfani da shi, sunansa wp-config.php. A Laravel da makamantanta ana samun wani mai suna .env, a Django kuma settings.py. Sunaye sun bambanta amma zubin ɗaya ne: jerin layuka, kowane layi da suna da kuma abin da aka ba shi. Sunan rumbun bayanai, kaza. Kalmar sirrinsa, kaza. Iyakar girman takardar da za a ɗora, kaza.

Galibi manhaja ɗaya tana da gida uku: kwamfutar mai gina ta, sabar ta gwaji, sai sabar da jama'a ke shiga. Rubutun manhajar iri ɗaya ne a duk ukun; saitin ne ke gaya mata inda take. Shi ya sa idan aka ɗauko saitin gwaji aka ajiye a sabar ta jama'a, shafin zai buɗe lafiya ƙalau, mutane su cike fom, amma bayanansu na zuba a rumbun gwaji da ake sharewa lokaci-lokaci.

Yadda manhaja ke karanta umarnin

Abubuwa uku ne ke sa karanta saiti ya fi yadda ake zato rikitarwa, kuma daga cikinsu akasarin matsaloli ke tasowa.

Na farko shi ne fifiko. Manhaja ba daga wuri ɗaya take ɗaukar umarni ba. Akwai abin da aka gina ta da shi tun asali, wanda za ta bi idan ba a ce mata komai ba. Akwai babban fayil ɗin saiti. Akwai wani ƙaramin fayil na musamman ga sabar da take kai. Akwai kuma umarnin da aka rubuta a jikin sabar kanta, wanda a tsare-tsare da yawa yake rinjayar duk abin da ke cikin fayil. Kamar dai takardar umarni ta baya-bayan nan da ke soke wadda ta gabace ta. Jami'in fasaha na iya gyara layi a fayil, ya rantse ya gyara, kuma gaskiya ya faɗa, amma shafin ya ci gaba da halinsa na da, saboda wani ɗan kwangila da ya bar aikin shekara biyu da suka wuce ya ajiye umarni a matakin da ke sama.

Na biyu shi ne lokaci. Yawancin manhajoji sau ɗaya suke karanta saitinsu, a lokacin da aka tashe su, sannan su riƙe shi a ƙwaƙwalwa. Gyaran da aka yi da tsakar rana ba zai yi aiki ba sai an sake tayar da manhajar. A Laravel ma akwai hanyar tattara saitin a wani kwafi don sauri, kuma muddin ba a share wannan kwafi ba, manhajar ba za ta waiwayi sabon fayil ba. A ɗaya gefen kuma, tsohon tsarin ASP.NET da kansa yake sake tashi da zarar an taɓa web.config, wanda ke iya korar duk waɗanda ke tsakiyar cike fom a wannan lokaci. Haɗarin a nan shi ne gyaran da ya kwanta. Wani ya yi kuskure a fayil ranar Litinin, ba a ga komai ba. Ranar Asabar aka ɗauke wuta, sabar ta sake tashi, ta karanta kuskuren, shafin ya faɗi. Masu bincike za su yi ta neman abin da aka taɓa ranar Asabar, alhali ɓarnar ta kwana biyar.

Na uku shi ne fassara. Duk abin da ke cikin fayil rubutu ne zalla, manhaja ce ke yanke hukuncin ko lamba ce, ko kalma, ko amsar e ko a'a. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce, kuma da yawa da sifili suke farawa. Haka lambobin waya. Idan manhaja ta ɗauki irin wannan a matsayin adadi, tana iya jefar da sifilin farko, asusun ya koma alƙaluma 9. A wasu harsunan kwamfuta kuma, duk rubutun da ba fanko ba ana ɗaukarsa a matsayin e, don haka layin da aka rubuta wa kalmar Turanci mai nufin a'a zai iya kunna abin da aka yi nufin kashewa. Kwamfuta ba ta tambayar me ake nufi; abin da ta gani take bi.

Layukan da ke taɓa jama'a

Mai karatu da ya taɓa fama da shafin gwamnati ya riga ya gamu da fayil ɗin saiti, ko da bai san sunansa ba.

Ɗauki batun agogo. Najeriya tana gaban agogon GMT da awa ɗaya, kuma sabar da yawa, musamman waɗanda ake haya a ƙasashen waje, da agogon GMT suke zuwa. Idan ba a rubuta a saiti cewa a bi lokacin Najeriya ba, shafin da aka sanar zai buɗe ƙarfe 8 na safe sai ƙarfe 9 zai buɗe, wanda aka ce zai rufe ƙarfe 12 na dare kuma sai ƙarfe 1. A harkar gasar kwangila, inda minti ɗaya ke raba takardar da aka karɓa da wadda aka ƙi, wannan awa ɗaya na iya kai hukuma kotu.

Ga kuma batun haruffa. Sunaye irin su Ɗanladi da Ƙanƙara da Ɓatagarawa na buƙatar tsarin rubutu na UTF-8 kafin su fito daidai. Idan layin da ke tsakanin manhaja da rumbun bayanai ya zaɓi tsohon tsarin da aka yi don harsunan Yammacin Turai, harafin mai lanƙwasa zai koma alamar tambaya. Daga nan sunan da ke kan takardar albashi ya saɓa da na katin shaidar ɗan ƙasa, mai sunan kuma ya shiga zarya tsakanin ofisoshi don gyara laifin da ba nasa ba.

Sai iyakar girman takarda. A harshen PHP, idan ba a sauya ba, megabait 2 ne iyakar fayil ɗin da mutum zai iya ɗorawa. Hoton takardar shaida da aka ɗauka da wayar zamani kan wuce hakan. Mai neman aiki a Kuje ko Kwali zai yi ta gwadawa yana ƙona data, yana zargin netwok, alhali layi ɗaya ne ya tare shi. Haka nan tsawon lokacin da shafi ke jiran mutum: a ASP.NET minti 20 ne na asali. Fom mai shafi bakwai, ga intanet mai jan ƙafa, kafin mutum ya gama an fitar da shi, ya koma farko.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar kwangila ko ƙarin kasafi. Hukunci ne na gudanarwa: wa muke yi wa hidima, da wace irin waya, a wane irin intanet? Amma da yake an bar shi a hannun mai fasaha shi kaɗai, ko an bar shi yadda ya zo daga masana'anta, babu wani darakta da ya taɓa sa masa hannu.

Makullan gida a ƙarƙashin tabarma

Abu mafi haɗari a fayil ɗin saiti shi ne sirrin da yake ɗauke da shi. Kalmar sirrin rumbun bayanai a nan take. Mabuɗin da shafin ke amfani da shi wajen magana da kamfanin karɓar kuɗi a nan yake. Haka mabuɗin tura saƙon tes da na imel da sunan hukuma. Duk wanda ya karanta fayil ɗin ya samu damar da ta fi ta babban sakatare, domin zai shiga rumbun kai tsaye ba tare da bi ta ƙofar da ake rubuta sunan mai shiga ba.

Hanyoyin da yake fita kuwa ba sa buƙatar wata gwaninta. Wani lokaci ana ajiye fayil ɗin .env a cikin jakar da jama'a ke iya buɗewa, kuma masu kutse na da na'urori da ke zagaya intanet dare da rana suna neman wannan suna. Wani lokaci ana barin yanayin gwaji a kunne, wanda idan an samu tangarɗa yake baje wa baƙo bayanan cikin gida a kan allo; masu Django sun yi gargaɗi ƙarara a littafin jagorarsu cewa kada a bar shi a kunne a shafin jama'a. Wani lokaci kuma mai gina manhaja ne ke ɗora fayil ɗin tare da sauran rubutunsa a ma'ajiyar intanet. Ta irin wannan hanya aka yi wa kamfanin Uber kutse a 2016: masu kutsen sun tsinci mabuɗan shiga a ma'ajiyar injiniyoyinsa a GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57.

A wajenmu akwai ƙarin wata ƙofa, wato sauyin ma'aikata da 'yan kwangila. Kamfani ya gina shafi, wa'adinsa ya ƙare, ya tafi da kwafin fayil ɗin a kwamfutar ma'aikacinsa. Mai yi wa ƙasa hidima ya taimaka a sashen fasaha na shekara guda, an tura masa fayil ɗin ta WhatsApp, ya gama ya wuce. Idan aka sauya mai gadi akan karɓi makulli, wani lokaci har a sauya kwaɗo. Kalmar sirrin rumbun bayanai kuwa tana iya shekara biyar ba a taɓa ta ba, saboda ana tsoron kada a sauya shafin ya faɗi a rasa mai tayar da shi.

Yanzu wannan ya zama batun shari'a. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a sanar da hukumar cikin awa 72 da gano ɓullar bayanan da ka iya cutar da masu su. Dokar ta shafi hukumomin gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni. Hukumar da ke riƙe da lambobin NIN da BVN da asusun albashin ma'aikatanta ba za ta kare kanta da cewa ɗan kwangila ne ya manta ba.

Na'ura ɗaya cikin takwas

Abin da aka manta a lamarin JAMB gyaran manhaja ne, amma ciwon iri ɗaya ne da na saiti: na'urori da yawa, ana sabunta su da hannu, babu mai bin sawu. Shekara 13 kafin taron Bwari, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, Knight Capital, ya faɗa irin wannan rami. An ɗora sabuwar manhaja a kan sabar bakwai cikin takwas, aka tsallake ɗaya. Sabuwar manhajar ta yi amfani da wata alamar saiti da a da can take kunna wani tsohon aiki da aka daina. Ranar 1 ga Agustan 2012 aka kunna alamar. Bakwai suka yi daidai, ta takwas ta tayar da tsohon aikin ta shiga saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta gano cewa babu wani ma'aikaci na biyu da aka ɗora wa duba aikin na farko.

Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wa abokan hulɗarsa wani ƙaramin fayil na saiti da bai dace da abin da manhajarsa ke iya karantawa ba. Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya; aka soke tashin jirage, asibitoci da bankuna suka koma takarda da biro. Manyan kamfanoni ne masu ƙwararrun injiniyoyi, kuma abin da ya kayar da su shi ne sauyin da aka raina har aka sake shi gaba ɗaya ba a fara gwada shi a kan kaɗan ba.

Tambayoyin da suka dace da ofishin shugaba

Aikin gwamnatin tarayya sai ƙara komawa kan intanet yake. Albashi na bi ta IPPIS tun 2007, a 2015 aka wajabta tura kuɗin shiga ta Remita zuwa asusun bai-ɗaya, Galaxy Backbone da aka kafa a 2006 na ɗauke da shafuka da imel na hukumomi da dama, NITDA na kula da sunayen shafukan da ke ƙarewa da .gov.ng, Ofishin Shugabar Ma'aikata kuma ya matsa wa ma'aikatu su bar fayil na takarda. Duk lokacin da aka kwashe wani aiki daga kanta zuwa allo, wani hukunci da a da jami'i ke yankewa da sa hannunsa ya koma layi a fayil ɗin saiti.

Mai taimaka wa minista ko babban sakatare ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya kare ofishin maigidansa. Tambayoyi kaɗan sun isa, muddin an nemi amsarsu a rubuce.

Wane ne, da sunansa da muƙaminsa, ke da ikon sauya saitin shafinmu, kuma wa ke duba aikinsa kafin ya fara aiki? A ina ake rubuta kowane sauyi, da ranarsa da dalilinsa, ta yadda za a iya komawa na jiya idan na yau ya ɓaci? Sabar nawa ke ɗauke da shafin, kuma da wace hujja muka san saitinsu ɗaya ne? Yaushe aka sauya kalmomin sirri na ƙarshe, kuma an sauya su bayan tafiyar ɗan kwangila na baya? Shin manhajar na ƙin tashi ta yi ƙorafi idan wani layi ya ɓace, ko shiru take yi ta ci gaba da abin da ta ga dama? Sannan, takardar kwangilarmu ta tanadi cewa kamfani zai miƙa cikakken bayanin saiti ga hukuma kafin a biya shi kason ƙarshe?

Amsar waɗannan na nuna ko hukuma ce ke riƙe da shafinta, ko wani matashi ne da lambar wayarsa kawai aka sani. Akwai kuma ƙa'ida ɗaya da injiniyoyi suka daɗe da koya da wahala, wadda ta cancanci shiga takardar umarni: kada a taɓa saiti da yammacin Juma'a, ko ana gobe babban wa'adi, sai da larura da kuma mutum biyu a wurin.

A ma'aikatar gwamnati ba a fitar da ko kujera daga sito sai da takarda mai sa hannu biyu. Fayil ɗin da ke yanke hukuncin inda bayanan dubban ma'aikata za su kwana, da sa'ar da za a rufe wa mai neman aiki ƙofa, ya cancanci aƙalla irin wannan kulawa: a ba shi lamba a rajista, a san mai riƙe da shi, a kuma sanya shi cikin takardar miƙa aiki duk lokacin da aka sauya jami'i.